Yadda ake haɗa ƙwayoyin nano na azurfa da ganyen darbejiya a lab, da yadda ake gwada su

Tun da aka fara raba maudu'in furojet saƙonnin da ke shigo min kusan iri ɗaya ne, ɗaliban kemistiri da bayokemistiri har da 'yan maikuro, kowa cewa yake malam an ba ni haɗa ƙwayoyin nano na azurfa da ruwan ganye, ta ina zan fara, me zan saya, kuma ya zan gane abin ya yi. To gara in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya ɗauka. Zan yi misali da darbejiya, wato dogon yaro ko maina, saboda ba harabar makarantar da za ka shiga a arewa ka rasa ta, amma in zogale aka ba ka ko gwaiba ko mangwaro hanyar ɗaya ce.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu. Haɗawar ba ta da wuya, cikin awa ɗaya za ka ga ruwa ya canza launi. Inda aikin yake shi ne ka iya nuna wa wanda bai yarda da kai ba cewa abin da ke cikin kwalbar nan azurfa ce zalla mai girman da bai wuce nanomita 100 ba (ƙwayoyin nano kenan, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), ba dattin ganye ba ne ba kuma wani gishirin azurfa ba. Canjin launi kaɗai ba ya tabbatar da wannan, kuma yana damuna yadda yara ke ɓata wata uku da kuɗin iyayensu a ƙarshe a tashi ba hujja.

1. Yi lissafi kafin ka sayi komai

Kayan da kake buƙata: silba naitiret, wato AgNO3, ruwan distil mai yawa, takardar tacewa Whatman mai lamba 1, bika da konikal fulas, fulas ɗin awo na mil 100, fifet, sikeli mai nuna lamba huɗu bayan ɗigo, hot filet mai juyawa, ma'aunin zafi, takardar pH ko mitarsa, kwalabe masu duhu ko foyil na naɗe su, etanol kaɗan, safar hannu da tabarau. Yawancinsu suna lab ɗin sashenku, ka je wajen mai kula da lab ka gaishe shi da kyau ka tambaya kafin ka shiga kasuwa.

Silba naitiret shi ne mai tsada a cikin sinadaran kuma farashinsa dala yake bi, amma ba ka buƙatar mai yawa. Giram 1 yana ba ka kusan lita 6 na ruwa mai ƙarfin milimola 1, kenan giram 5 ya ishe ka furojet ɗin har da maimaici. In ku biyar ne a ƙarƙashin malami ɗaya ku haɗa kuɗi ku sayi kwalbar giram 25 a rufe ku raba, ya fi kowa ya je a auna masa a leda. Ka duba shi da idonka, mai kyau fari ne tas yana ƙyalli, in ka ga ya yi toka-toka ko baƙi-baƙi haske ya riga ya taɓa shi, ka bar musu kayansu.

Kuɗin gaske wajen injinan gwaji yake tafiya, kuma kowane samfur ake biya ba kowane ɗalibi ba. UV-Vis mai auna hasken da ruwan ke sha shi ne mai sauƙi, sai FTIR mai nuna abin da ya manne a jikin ƙwayoyin, sai XRD mai faɗa maka ko mene ne garin da SEM mai ɗaukar hotonsa, TEM mai nuna ƙwaya ɗaya-ɗaya ya fi su duka tsada da wuyar samu, ga kuɗin mota ko na aike. Don haka ka ware kaso mafi girma na kuɗinka wa gwaji, kuma ka kira wurin da za ka kai tun kafin ka fara aiki ka ji nawa ne, nawa suke so na garin samfur, kwana nawa sakamako yake fitowa. Wuraren da ɗalibanmu suka saba kaiwa akwai manyan ɗakunan bincike na ABU Zariya da BUK da jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, akwai NARICT a Zariya, da SHESTCO a Sheda kusa da Abuja, da ɗakin binciken duwatsu da ma'adinai na ƙasa da ke Kaduna ga mai neman XRD.

2. Ruwa da wankin kwalabe

Nan ne yawancin aiki yake lalacewa tun ba a taɓa ganye ba. Azurfa ba ta shiri da kuloraid, suna haɗuwa sai su zama silba kuloraid, wani farin abu da ba ya narkewa. Ruwan famfo akwai kuloraid, ruwan rijiya da na burtsatse akwai, fiya wata ma akwai duk tsaftarsa. Ruwan distil kaɗai za ka yi amfani da shi, kuma shi ma kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikin jarka, ka gwada. Zuba mil 5 a bututun gwaji ka ɗiga masa ɗigo biyu na ruwan silba naitiret, ka ɗaga shi saitin wani abu baƙi. In ya tsaya garau bismillah, in ya yi hazo ko da kaɗan ne wannan ruwan ba naka ba ne.

Kwalabe kuma ka wanke da sabulu, ka ɗauraye da naitirik asid mai rauni, sannan ruwan distil sau uku, ka kife su su bushe a inda ƙura ba ta kaiwa. Kada ka wanke da haidurokulorik asid, kuloraid ne ka zuba da hannunka. Lokacin hunturu kuwa duk bikar da ka ajiye a buɗe awa biyu ka sake ɗauraye ta.

Gargaɗi: asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Kuma ragowar naitirik asid ba ta shiga kwalbar da aka zuba etanol, suna iya tafasa su fasa kwalbar.

3. Ganye da dafa shi

Ka tsinko ganye lafiyayye daga bishiya ɗaya, nesa da bakin titi da bola, ka rubuta rana da wurin. Ka cire reshe ɗaya ka kai wa masu adana tsirrai na sashen botani su tabbatar maka Azadirachta indica ce su ba ka lambar shaida, ranar difens ana tambayarta. Wanke ganyen da ruwan famfo har ƙura ta fita sannan ka ɗauraye da ruwan distil sau biyu. In da ɗanye za ka yi aiki ka yanyanka shi ƙanana. In busasshe ne ka shanya a inuwa a rufe da yadi mai shara-shara kamar mako ɗaya zuwa biyu har ya dinga karyewa, ka daka ka tankaɗe. Ni na fi son busasshen gari, domin za ka iya ajiye shi duk maimaicin da za ka yi daga gari ɗaya yake fitowa, shi kuwa ɗanye ruwan da ke cikinsa yau daban gobe daban.

Auna giram 10 ka zuba a ruwan distil mil 100, ka ɗora a hot filet tsakanin digiri 60 zuwa 70 na minti 20 kana juyawa, da ma'aunin zafi a ciki. Kada ka bari ya tafasa yana ɓararraka kamar ana dafa maganin zazzaɓi, zafi mai yawa yana lalata wasu daga cikin sinadaran ganyen da su ne za su yi maka aikin mayar da azurfar da ke narke a ruwa ta zama ƙwayoyi da kuma riƙe ta kada ta dunƙule. Bari ya huce, ka fara tacewa da ƙyalle mai tsafta sannan Whatman, in har yanzu da duhu-duhu a ciki ka sake tacewa ko ka juya shi a santirifuj. Ana so ya fita garau.

Ka sa a firij wajen digiri 4 ka yi amfani da shi cikin 'yan kwanaki. In wuta ba ta zama a lab ɗinku kada ka wahalar da kanka da ajiya, ranar da za ka haɗa ka dafa sabo, ruwan ganye ba ya jimawa yake fara yami da fumfuna.

4. Ruwan silba naitiret

Nauyin mol ɗaya giram 169.87 ne. Mil 100 na milimola 1 yana buƙatar giram 0.017 kacal, kuma auna wannan ɗan mitsitsin daidai yana da wuya, iskar fanka ma tana motsa sikelin. Abin da ya fi shi ne ka auna giram 0.170 ka narka a fulas ɗin awo na mil 100 ka cika zuwa layi, ka samu milimola 10 kenan. Duk lokacin da kake son milimola 1 sai ka ɗebi mil 10 ka cika da ruwan distil zuwa mil 100. Ka naɗe kwalbar da foyil ka rubuta ƙarfi da kwanan wata.

Gargaɗi: sa safar hannu da tabarau. In ya taɓa fata ba za ka ga komai ba nan take, sai ka fita rana wurin ya koma baƙi kuma sabulu ba ya fitar da shi sai fatar ta saɓule da kanta, a ido kuwa yana ƙonawa, ka wanke da ruwa mai gudu minti 15 ka nufi asibiti. Kada ka taɓa haɗa ruwan azurfa da amoniya ka ajiye, in ya jima yana zama abin da ke fashewa.

5. Haɗawa, da kwalaben kwantirol

Ka jera fulas uku ba ɗaya ba. Na farko, ruwan silba naitiret mai milimola 1 mil 90 da ruwan ganye mil 10. Na biyu, ruwan distil mil 90 da ruwan ganye mil 10, ba azurfa. Na uku, silba naitiret mil 90 da ruwan distil mil 10, ba ganye. Na biyu da na uku su ne kwantirol, kuma duk abin da ka yi wa na farko na zafi ko haske ko pH ko lokaci su ma sai ka yi musu. Dan Allah kada ka tsallake wannan, ba ya cin kuɗi kuma shi ne zai tsaya maka in aka matsa ka da tambaya. Dalili shi ne ruwan ganye shi kaɗai yana yin duhu in ya sha iska, musamman in an ɗaga pH, to in ba ka da kwalba ta biyu a gefe ta ya za ka ce duhun da ka gani na azurfa ne?

A fulas na farko ka ɗora ruwan azurfar a kan injin juyawa, ka dinga ɗiga ruwan ganyen a hankali cikin minti biyar zuwa goma, kada ka juye shi gaba ɗaya. Ka duba agogo ka rubuta. Ruwan zai tashi daga ɗorawa-ɗorawa mai haske ya koma ruwan ƙasa mai ja-ja, wani lokaci cikin mintuna wani lokaci sai bayan awanni, amma ya kamata ya zama kana iya hango haske ta cikinsa. In ka ga ya yi fari-fari ya dagule da zarar ganyen ya shiga, kuloraid ne, ko daga ruwa ko daga ganyen kansa domin ganye ma yana ɗauke da shi. In ka ga baƙin gari yana sauka ƙasa ruwan sama yana washewa, ƙwayoyin sun dunƙule sun yi girma, ka rage ƙarfin azurfa ko ka canza yawan ganyen.

Abubuwa uku ne ke juya sakamako: zafi, haske da pH. Zafi yana hanzarta shi, mutane da yawa suna yi a digiri 60. In a zafin ɗaki za ka yi ka auna ka rubuta ainihin lambar, domin zafin ɗaki a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu yana iya haura digiri 35, takardun da kake karantawa na ƙasashen waje kuwa wajen 25 suke nufi. Hasken rana shi ma yana hanzarta shi sosai, ka zaɓi ɗaya, ko duk a duhu naɗe da foyil ko duk a rana na ƙayyadadden lokaci, kada yau kusa da taga gobe cikin kabad. pH kuma in ya ɗan hau zuwa 8 ko 9 yawanci ƙwayoyin sun fi fitowa ƙanana da sauri.

Gargaɗi: in za ka ɗaga pH, ruwan ganyen za ka ɗiga wa NaOH, wato sodiyam haiduroksaid, mai ƙarfin mola 0.1 kafin ka haɗa. In ka zuba NaOH kai tsaye cikin silba naitiret za ka samu silba oksaid, shi ma ruwan ƙasa ne, ya ruɗe ka ka ɗauka aiki ya yi.

In furojet ɗinka ya haɗa da nemo yanayin da ya fi kyau, abu ɗaya za ka dinga canzawa a lokaci guda sauran su tsaya, kuma kowanne ka maimaita sau uku a ƙananan kwalabe na mil 10 don kada azurfa ta ƙare.

6. UV-Vis, gwajin farko

Wannan za ka fara yi, a ranar ko washegari, kuma kada ka kashe ko sisi a wani injin sai wannan ya yi kyau. Ka sa ruwan distil a matsayin bulan, wato ruwan da ake saita injin a sifili da shi, ka ɗebi mil 1 na samfur ka tsarma shi da ruwan distil har lambar da injin ke nunawa ta sauko kusa da 1, in ya yi kauri saman giraf ɗin yankewa yake yi ya zama ba shi da amfani. Ka sa injin ya bi daga nanomita 300 zuwa 700. Kubet, wato 'yar kwalbar da ake sa samfur a injin, na kwaz ake so, na roba ko na gilas ba sa barin haske ya wuce sosai a ƙasa da 340, in su ke gare ka fara daga 350. Ka goge gefensa da tishu, ka riƙe ta ɓangaren da ba ya sheƙi.

Abin da kake nema tudu ɗaya ne a giraf tsakanin nanomita 400 da 450. Siriri mai tsini kusa da 400 zuwa 420 yana nuna ƙwayoyin ƙanana ne kuma girmansu ya yi kusa da juna. Mai faɗi da ya ja jela zuwa 500 ko 600 yana nuna girma barkatai ko sun fara dunƙulewa. In layin gangarowa kawai yake yi daga 300 ba tudu, ba ka samu ba tukuna, komai kyan launin.

Yanzu ka sa kwalba ta biyu da ta uku, da irin tsarmin da ka yi wa ta farko, ka ɗora giraf ukun a takarda ɗaya. Ruwan ganye yana da nasa shan hasken a ƙasa da 400, kuma ga waɗanda suka jiƙa ganyensu da etanol ko metanol maimakon ruwa, koren ganye yana fitowa da tudu wajen 430 da wani wajen 665, na 430 ɗin ya zauna daidai inda ake neman azurfa. In tudun yana kwalba ta farko kaɗai, babu shi a sauran biyun, to yanzu kana da abin faɗa. Ka maimaita awon bayan minti 30, awa 1, awa 3, awa 24 har tudun ya daina hawa. Ka ajiye mil 10 a firij cikin duhu ka sake aunawa bayan mako ɗaya da bayan wata ɗaya, wannan shi ne shaidar ko suna zama ba su lalace ba. A firij, ba firiza ba, ƙanƙara tana dunƙule su. Ka karɓi lambobin a filashi, kada ka tsaya ga ɗaukar hoton sikirin da waya.

7. Tarawa, wankewa, busarwa

Ga lissafin da ba a gaya wa ɗalibai da wuri. Lita guda cur ta milimola 1 azurfar da ke cikinta miligiram 108 ce, mil 90 ɗinka kuwa bai kai miligiram 10 ba, kafin ma a yi asarar wanki. Wannan ba zai ishi XRD da FTIR da SEM ba. Don haka da zarar UV-Vis ya nuna maka yanayin da ya fi kyau sai ka haɗa lita biyu ko uku a wannan yanayin. In ka zaɓi ɗaga ƙarfin zuwa milimola 5 don ka samu gari da yawa, ka sani wani samfur ne daban, sai ka sake masa nasa UV-Vis.

Juya a santirifuj mai gudun 10,000 zuwa 15,000 a minti, na tsawon minti 15 zuwa 20. Ƙaramin na kan tebur mai 4,000 manyan da suka dunƙule kaɗai yake saukarwa, ƙananan da kake nema suna nan a ruwan sama, za ka gane haka in ruwan ya fito da launinsa. Ka daidaita nauyin bututan da ke fuskantar juna kafin ka kunna, kuma kada ka buɗe sai ya tsaya cak. Tsiyaye ruwan sama, zuba ruwan distil, girgiza har baƙin da ya kwanta ya tashi, sake juyawa, haka sau uku, na ƙarshe da etanol. Don ka san wankin ya isa ka ɗiga ruwan gishiri a ruwan wanki na ƙarshe kafin na etanol, in ya yi hazo akwai sauran azurfar da ba ta juya ba, ƙara wanki.

Ka shanya a oben digiri 50 zuwa 60 har ya bushe, ka kankare a hankali ka auna ka zuba a ƙaramar kwalba mai duhu. Sa takunkumi lokacin kankarewa, garin ba na shaƙa ba ne. Kafin ka busar duka ka ware mil kaɗan na wankakken a ruwa saboda TEM da gwajin aiki, wanda ya bushe ba ya komawa ya watsu kamar da.

8. XRD da sauran injina

In kuɗin gwaji ɗaya gare ka bayan UV-Vis, XRD za ka yi. Shi ne ke faɗa maka ko mene ne garin. Azurfa zalla tana ba da tudu huɗu a kusurwar 2θ ta 38.1 da 44.3 da 64.4 da 77.4 in an yi da fitilar tagulla da aka saba, su ne ake wa laƙabi da 111 da 200 da 220 da 311, katin da ake kwatantawa da shi JCPDS 04-0783. Ka duba da kyau ko akwai wasu a 27.8 da 32.2 da 46.2 da 54.8 da 57.5. Waɗannan na silba kuloraid ne, kuma suna yawan fitowa a aikin ganye. Sau da yawa za ka ga an sa musu tauraro an rubuta wai sinadaran ganye ne suka daskare, ni ban yarda ɗalibina ya rubuta haka ba. In sun fito ka faɗi gaskiya cewa samfurinka gaurayen azurfa da silba kuloraid ne, sakamako ne mai kyau da za a iya karewa, kuma wanda ya san aikin zai ga lambobin ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba.

Girman kuwa da lissafin Scherrer ake fitarwa, D = 0.9λ / β cos θ, inda D take girman, λ tsawon zangon hasken fitilar wato nanomita 0.15406, β kuma faɗin tudun ne a rabin tsayinsa. Kuskure biyu ake yi kullum, a manta a mayar da β zuwa radiyan, ko a sa 2θ a inda ake son θ. Misali tudun 38.1 mai faɗin digiri 0.5, β ta zama 0.00873, θ ta zama 19.05, kos ɗinta 0.945, amsa wajen nanomita 17. In ka samu 0.3 ka san radiyan ka manta. Kuma wannan girman ƙiristal ne, ƙwaya ɗaya tana iya ƙunsar fiye da ɗaya.

FTIR ba ya ganin azurfa, abin da ya manne a jikinta daga ganye yake nunawa. Ka kai samfur biyu, busasshen ruwan ganye da garinka, daga 4000 zuwa 400, ka kwatanta. Za ka ga mai faɗi wajen 3300 na O-H, wani wajen 1630, wani wajen 1050 na C-O. Mai tsini a 1384 yawanci ragowar naitiret ce, alamar wanki bai isa ba. Samfur mai danshi kuma ruwa ne zai cika maka 3300 da 1640.

SEM na busasshen gari curi-curi zai nuna maka, kada ka auna curin ka ce girman ƙwaya ne. In injin yana da EDX, mai nuna sinadaran da ke cikin samfur, ka roƙa a haɗa, azurfa tana fitowa wajen 3 keV, ka duba ko kulorin ya biyo ta. TEM ne ke nuna ƙwaya ɗaya-ɗaya, in Allah ya hore maka ka tabbata hoton yana da layin ma'auni, ka sauke manhajar ImageJ kyauta ce, ka auna aƙalla ƙwaya 100 daga hotuna daban-daban ka fitar da matsakaici. In an yi maka DLS, mai auna girman ƙwayoyi a cikin ruwa, lambarsa za ta fi ta TEM girma domin yana haɗawa da rigar da ke jikin ƙwayar, ba kuskure ba ne. Zeta kuma, wato cajin da ke jikin ƙwayoyin, in ta kai 30 milibolt, ko ta sama ko ta ƙasa da sifili, ana ɗaukar ruwan mai zama ne.

9. Gwada ko suna aiki

'Yan kemistiri yawanci rini suke gwadawa, metilin bulu, wanda tudunsa ke nanomita 664, su ga ko ƙwayoyin za su hanzarta cire masa launi. A kubet ka zuba mil 2.5 na rinin mai miligiram 10 a lita, ka ƙara mil 0.3 na sodiyam borohaidiraid mola 0.1, wato giram 0.038 a ruwan sanyi mil 10 wanda ka haɗa yanzu-yanzu domin ba ya kwana, sannan ɗigon ruwan ƙwayoyinka, ka dinga karanta 664 kowane minti. Kwantirol biyu a nan ma, rini da borohaidiraid ba ƙwayoyi, da rini da ƙwayoyi ba borohaidiraid. Kada ka toshe kwalbar borohaidiraid, iskar haidurojin take fitarwa, kuma a nisanta ta da wuta. Wajen rubutu ka kula, shuɗin ya ɓace ba yana nufin rinin ya ruguje ba, ya koma wata siffa ce marar launi, in ka bar shi a buɗe ko ka girgiza za ka iya ganin shuɗin yana dawowa. Ka rubuta an cire launi, kada ka rubuta an lalata rini.

Masu gwajin bakteriya ku yi shi a lab ɗin maikuro tare da wanda ya iya. Farantin renon bakteriya na Mueller-Hinton, bakteriyar E. coli da S. aureus a kaurin McFarland 0.5, ramuka masu faɗin milimita 6, digiri 37 na awa 18 zuwa 24, a auna da'irar da rula. Rami ɗaya wankakkun ƙwayoyi, ɗaya ruwan ganye, ɗaya silba naitiret, ɗaya ruwan distil, ɗaya maganin da aka sani irin sifurofuloksasin. Ramin silba naitiret ya zama dole, domin shi kansa yana kashe bakteriya, in ka zuba ruwan haɗin da ba a wanke ba ba za ka san wa ya yi kisan ba.

Gargaɗi: don ya kashe bakteriya a faranti bai zama magani ba. Kada wanda ya sha, kada a shafa wa ciwo, kada a kai gida. Azurfa tana taruwa a jiki ta mayar da fata shuɗi-toka kuma ba ta komawa.

10. Sharar aikin

Duk ruwan da azurfa ta taɓa, ruwan sama na santirifuj da na wanki da ragowar kwalba ta uku, kada ya shiga sinki, guba ne ga kifi da sauran halittun ruwa. Ka tanadi jarka ɗaya ka dinga tarawa, ka zuba gishirin girki ka girgiza, azurfar za ta kwanta fara a ƙasa, ka bar ta kwana ɗaya ka tace. Ruwan wankin etanol kwalbarsa daban, na borohaidiraid ka bar shi a buɗe cikin akwatin zuƙe hayaƙi har ya daina kumfa. Farantan bakteriya sai sun shiga otokilab kafin a zubar. Abin da ka tace da takardun tacewa da safar hannun da suka ɓaci ka ƙulle su a leda, ka rubuta abin da ke ciki da sunanka da kwanan wata, ka miƙa wa mai kula da lab hannu da hannu.